Ranar da Shinkafar Kwamfuta Ta Toshe

Wata uku Auta ta yi tana zuba shinkafa a cikin kwamfuta. Ƙwayoyi dubu ɗari biyu ta zana, ta faɗa wa kwamfutar nauyinsu da kaushinsu, sannan ta sake su suna gangara cikin mazurari a kan allo. Aikin digirinta ke nan: ta gano abin da ke sa mazurarin injin casa toshewa. Sai dai na ƙarfen da ke kusurwar ɗakin gwaji kullum sai ya toshe, nata na allo kuwa ko sau ɗaya bai taɓa ba. Farfesa ya riga ya faɗa mata cewa in bai toshe ba kafin zamansu na ƙarfe huɗu yau, jarrabawarta sai baɗi.

Da hantsi Baba, mahaifinta, ya shigo, ya kawo mata tabaranta da ta manta a gida. Shekara talatin ya yi a bakin injin casa kafin ya ajiye aiki. Ya ja kujera, ya kai hancinsa dab da allon.

"Wannan ce shinkafar taku?"

"Ita ce, Baba."

Sai ya fashe da dariya har da tari. "Auta, a gidan wa kika taɓa ganin shinkafa mulmulalliya? Waɗannan ai ƙwallaye ne!"

"Kwamfuta ta fi saurin lissafi da ƙwallo. Kowa da shi yake farawa."

"To ku yi ta gangarawa har baɗi."

Ya tashi ya ɗebo shinkafa cike da hannu daga buhun gwaji, ya zuba a teburinta, ya matse ta da tafukansa biyu a hankali.

"Duba nan. Doguwa ce. Wannan ta gitta, waccan ta hau kanta, sai su riƙe juna su yi gada a bakin rami. Ƙwallo da me zai riƙe ɗan'uwansa?"

Auta ta ji wani daɗi ya taso mata. Ta jawo allon madannai. Ta manna ƙananan ƙwallaye huɗu a jere suka zama ƙwaya ɗaya doguwa, ta rage yawan ƙwayoyin zuwa dubu hamsin don lissafin ya ƙare da wuri, ta danna.

Kwamfuta ta kama gurnani. Baba ya ƙi tafiya. Azahar ta wuce, Auta ta kasa zama, sai kai da kawo take tsakanin taga da tebur. Ƙarfe uku da rabi lissafi ya kammala, hoton ya fara motsi. Ƙwayoyin suka zubo, suka zubo, suka rage gudu, sai cak! Wani jan layi ya lanƙwasa a saman ramin, yana nuna inda ƙwayoyin suka danne juna. Gadar Baba ce sak.

"Ya toshe! Baba, ya toshe!" Ta daka tsalle har kujera ta kife.

Baba ya riƙe haɓa. "Ikon Allah. Shekara talatin ina tsine wa toshewa, yau ga 'yata tana mata rawa."

Ihun ne ya shigo da Farfesa tun kafin huɗu. Ya sa aka maimaita hoton sau uku, ya dubi shinkafar da ke warwatse a tebur, ya dubi tsohon.

"Ki shirya," ya ce wa Auta yana murmushi. "Jarrabawa a wannan watan."

Baba ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, mu in mazurari ya dame mu da toshewa, sanda muke ratayawa a tsaye a cikinsa, ɗan sama da bakin ramin. Da wuya ya sake toshewa. Kwamfutar taku tana da sanda?"

Farfesa ya buɗe baki zai amsa, amma Auta har ta ɗaga kujerarta ta zauna.

"Kaurinta nawa, Baba?"