Teburi na Sha Huɗu

Da Auta ta faɗi farashin, sai da na ajiye almakashin da nake yanka hoton fasfo, na ce ta maimaita. Ta maimaita tana dariya. Na leƙa ƙofar shago na dubi babur ɗina da ke jingine, na ga ko na sayar da shi har da hular kwano, ba zai biya rabin kuɗin ba. Wai duk wannan na hoton wuni ɗaya ne, kuma dangin ango sun riga sun biya ko a jikinsu.

Auta ɗiyar Yayata ce, ita kaɗai ta rage mata. Mahaifinta ya rasu tana goye, Yaya ta riƙe ta da wankau da guga har ta gama karatu ta samu aiki a banki, can ƙetaren gada inda manya suke. A can ta haɗu da mijin da za ta aura. Ni kuwa shekarata talatin da ɗaya ina ɗaukar hoto a unguwarmu, babu amaryar da ta fita daga layinmu ban ce mata ta ɗaga haɓa ba.

Na san farashi yana bin wuri, wannan ba baƙon abu ba ne a wurina. A ƙauyukan bayan gari ina karɓar rabin abin da nake karɓa a nan, wani lokaci a haɗa min da kaza. A unguwar ma'aikata ina ƙara kashi ɗaya cikin uku, su ma sai sun yi ciniki kamar za su ciro min hanji. Amma ninki goma sha biyu don kawai an haye gada? Kyamara ɗaya ce, rana ɗaya ce ke haska mu, amare kuma duk hanci ɗaya gare su. Abin ya tsaya min a rai, na kwana uku ina juya shi har matata ta ce in dai ba zan tambayi mai abin ba, to in bar ta ta huta da lissafina.

A rana ta huɗu Yaya ta shigo shago da ƙunshin guga a ka. Ba ta cika shigowa ba, don ita ba ta son hoto. In ka ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta rufe baki, saboda haƙoran gaba biyu da ta rasa. Ta zauna a kan bencin da ke gaban labulen da aka zana wa teku, ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi yara, ta tambayi ciwon gwiwata, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Hoto ɗaya nake so, ni da ita, tana cikin kayanta. Ko ban yi kyau ba, a dai ɗauka."

Na ce mata haba Yaya, ƙaninki mai hoto ne, wannan ai ba abin roƙo ba ne. Na yi mata alkawari har da buga ƙirji.

* * *

Mai hoton ƙetare, wanda nake kira Mai Gilashi saboda tabarau ɗinsa mai faɗin faranti, ofis gare shi a bene, da na'urar sanyi da kujerun fata. Na je da niyyar in ga ɗan rainin wayo, sai na tarar da mutum mai ladabi. Ya miƙe ya ba ni hannu biyu, ya kira ni Baba, ya sa aka kawo min ruwa. Na leƙa kyamararsa da ke kan tebur; ta fi tawa, ba musu, amma ba fin ninki goma sha biyu ba. Na tambaye shi kai tsaye me yake sayar wa mutane da ni ba na sayarwa. Ya yi murmushi ya ce abin ba ya faɗuwa da baki, sai an gani.

Na ce to in gani. Zan riƙe masa fitila ranar bikin, kyauta, tunda ni kawun amarya ne, dole ina wurin. Ya yarda, amma da sharaɗi biyu: babu wata kyamara a zauren sai tasa, haka yake a takardar da suka sa wa hannu, kuma ma'aikatansa duk suna ajiye waya a jaka har a tashi. Na amsa da sauri. Ni a tunanina, ina tsaye a gefen mai ɗauka, hoton Yaya ai ya zama kamar an wanke an ba ni. Na koma gida ina jin daɗi kamar wanda ya samu gurbin makaranta da furfura.

* * *

Ranar biki tun hantsi muna zauren. Na buɗe ido da kunne, ba abin da ya wuce ni. Na ga yadda ya kashe fitilun rufi ya kunna nasa, na ga yana auna haske a kumatun mutum kafin ya ɗauka, na ga yana durƙusawa don gajere ya yi tsawo. Duk na sani, wasu ma na fi shi. Na ce a raina, to ina sirrin? Ko dai kuɗin na'urar sanyi ake biya?

Bayan azahar baƙi suka fara cika. Tebura goma sha huɗu ne, kowane da lambarsa. Dangin ango da abokan aikin Auta suna gaba, kusa da dandamalin da aka yi wa ado da fararen furanni. Mutanen unguwarmu an kai su na ƙarshe, can jikin ƙofar da masu raba abinci ke shiga da fita. Na hango Yaya cikin sabon leshi ruwan toka da ta yi wata biyar tana tanadinsa, ta zauna ƙiƙam, jaka a kan cinya. Da ta gan ni da sandar fitila ta ɗaga min hannu, na yi mata alama ta kwantar da hankalinta.

Sai Mai Gilashi ya ciro wata takarda daga aljihu ya miƙa min, ya ce in riƙa karanta masa wanda ke biye. Jerin tebura ne, an raba su gida biyu. A sama an rubuta "a matso", a ƙasa an rubuta "in lokaci ya rage". Ƙarƙashin na biyun lamba ɗaya ce tak, sha huɗu.

Na tambaye shi ma'anar wannan. Yana gyara bakin kyamara, ko kallona bai yi ba, ya yi min bayani a hankali kamar malami mai son ɗalibinsa. Ya ce a unguwarmu ana biyana ne don kowa ya fito, shi ya sa nake jera mutum arba'in kamar ƴan makaranta. A nan kuwa ana biyansa ne don ya san wanda ba zai fito ba, kuma a tashi taro babu wanda ya ji an wulaƙanta shi. Ya ce kowane gida a ƙetaren nan akwai wani kawu ko wata goggo da ba a so a gani a bango, kuma ba a so a ɓata wa rai.

"Ba ma hana kowa, Baba," in ji shi. "Jinkirtawa kawai muke yi. Taron na awa huɗu ne."

Wallahi da farko burge ni abin ya yi, ba zan ɓoye ba. Shekara talatin da ɗaya ina sana'a ban taɓa sanin ana sayar da rashin ɗauka ba. Sai kuma na sake duban takardar. Na san rubutun. Lokacin hutun makaranta Auta ce ke zama a shagona tana rubuta sunayen masu hoto a bayan ambulan, kuma har yau in ta rubuta lamba huɗu a buɗe take a sama kamar kujera. Na so in ce surukai ne suka rubuta, na nemi hanyar da zan ɗora musu, ban samu ba.

* * *

Na same ta a ɗan ɗakin da ke bayan dandamali, mai kwalliya tana gyara mata gira. Na jira matar ta fita, na nuna mata takardar. Ta dube ta, ta dube ni, idonta ya ciko, ta ɗaga kai sama don kada kwalliya ta ɓaci.

Ta ce ranar da Yaya ta je gaishe da surukai, wata ƙanwar ango ta ɗauke ta a waya tana dariya baki buɗe, aka yi ta yawo da hoton a tsakaninsu, har ya dawo wayar Auta bisa kuskure, da abin da aka rubuta a ƙasa. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ce albam ɗin nan a falon uwar miji zai zauna, duk wanda ya zo sai an buɗe masa.

"Kawu, ba kunyarta nake ji ba. Ba na so su mayar da ita abin nishaɗinsu, ni kuma ina zaune ina zuba musu shayi."

Na ce mata uwarta hoto ɗaya ta roƙa a duniya, kuma ta san da haƙoranta ta roƙa. Ta buɗe baki za ta yi magana aka ƙwanƙwasa, aka ce ango na jira. Ta ce min za ta san yadda za a yi, ta tattara bakin riga ta fita. Har yau ban sani ba ko ta yi niyyar, ko ta faɗa ne don in matsa mata daga hanya. Na ji haushinta, na ji tausayinta, kuma na fi jin haushin kaina da na bar kyamarata rataye a ƙusa saboda son jin sirrin wani.

Aka fara kiran tebura. Na ɗaya ya ci minti ashirin, don uwar ango sai da aka ɗauke ta ta dama da ta hagu. Na biyar suka ce a sake, wani ya rufe ido. Ni ne mai karanta lamba, ni ne mai ɗaga fitila, kuma agogon zauren yana daidai saitin fuskata. A na tara na raɗa wa Mai Gilashi cewa uwar amarya fa tana na sha huɗu. Ya ce ya sani, ai shi ya sa ake biyansa. Na yi tunanin in tsallake in kira sha huɗu da ƙarfi, kowa ya ji. Na dubi Auta a kan dandamali tana murmushin da bai kai ido ba, uwar mijinta na riƙe da hannunta. Na kira goma.

Ana cikin na sha ɗaya mayafin amarya ya zame daga kafaɗa. Kafin masu kula da ita su ankara, sai ga Yaya ta ratso tebura, ashe duk wannan lokaci idonta na kan ɗiyarta. Ta hau matakala biyu, ta ɗaga mayafin ta daidaita shi, ta ɗan shafa kafaɗar. Na juya fitila kansu da sauri, na ce, "Ɗauka!" Na ji ƙarar kyamara sau ɗaya. Wata mai rigar ma'aikata ta kama Yaya da ladabi ta ce Mama a koma a zauna, za a kira ku. Yaya ta koma tana ba mutane haƙuri.

Ana gama na sha uku aka kunna fitilun rufi, mai sanarwa ya yi godiya, ya ce wasu masu bikin na jiran zauren. Mutanen unguwarmu suka tashi suna yaba abinci da sanyin wuri. Babu wanda ya ji an yi masa komai.

* * *

Bayan sati shida direban gidan mijin Auta ya kawo wa Yaya ƙaramin albam, kwafin na surukai, a cikin akwati mai laushi. Ta aiko a kira ni. Na tarar ta wanke hannu ta shimfiɗa sabon zane a kan tabarma, ta ajiye shi a kai, ba ta buɗe ba sai da na zauna.

Aiki ya yi kyau, ban isa in kushe ba. Tana buɗe shafi tana tambayata wannan wace ce, wancan wane ne, ina cewa ban sani ba. Na riga ta gane shafin gyaran mayafin. Auta ce ita kaɗai, ta ɗan waiwaya, fuskarta ta yi taushi irin yadda ba ta yi wa kowa ba a ranar. An yanke hoton daga gefen dama, daidai wuyan hannu. Yatsu huɗu ne suka rage a kan mayafi, su ma an bi su da kwamfuta an goge kaushi da faso, sun yi sumul kamar na yarinya.

Yaya ta daɗe a kan shafin. Na fara cewa in Auta ta zo gida zan ɗauke su a shago, ta ce kayan amarcin ai na haya ne, an mayar. Ta matso da albam ɗin kusa da taga.

"Ga ni nan," ta ce. "Ka ga hannuna."

Na ce na gani, Yaya.

Ta ɗora hannunta na gaske a gefen shafin, ta dubi wannan, ta dubi wancan. Sannan ta janye shi a hankali ta sa a ƙarƙashin mayafi, ta ce in buɗe mata na gaba.