Taya Biyu, Safaya Ɗaya

Sau ɗaya a shekara likitan ido yake zuwa ƙaramin asibitin da ke ƙarshen hanyar tsakuwa, kuma ƙarfe biyu yake naɗe kayansa. Bana sunan Baba ya fito cikin waɗanda za a cire wa yana. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota a wannan hanya, yanzu ko ƙofar ɗakinsa sai da lalube.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ta riga ta shirya da mai akori-kurar da ya saba bin hanyar. Sai ga Yaya daga birni, direban wani babban mutum, yana kaɗa makulli a yatsa. Wai shi da ransa ba za a sa ubansa a motar awaki ba. Mutumin da bai taɓa sauka daga kwalta ba sai in fitsari ya matse shi! Auta ta sa Baba a motar da ya zo da ita, amma haushi kamar ya kashe ta.

Suna barin kwalta Baba ya karkata kunne.

"Kai, rage wa tayoyin nan iska. Ina jin su suna tsalle."

"Baba, wannan ba irin motocinku ba ce. Kwamfuta ce a ciki."

Da gargada ta fara kaɗa musu haƙora, sai gwanin ya ƙara taka totur. Girgizar kuwa ta lafa, ya juyo yana washe baki.

"Kun gani? Gudu ne maganinta."

"Ba lafawa ta yi ba," in ji Baba. "Tayarka ce ta daina taɓa ƙasa."

Yaya ya ƙara wa rediyo murya.

Can suka cim ma wata tifa tana tayar da ƙura. Mai hankali baya yake ja har ya ga gabansa. Yaya kuwa ya manne mata yana danna hon, tsakuwa na dukan gilas ƙas-ƙas. Auta ta ce, "Yaya, don Allah, muna da lokaci fa." Ya ce wanda bai da lasin ya yi shiru.

Kwanar ta fito daga cikin ƙura ba sallama. Ya danne birki da duk ƙarfinsa, bayan motar ya zame, suka juya suka faɗa kwari. Tifar ta yi gaba, ba ta ma san da su ba.

Ba wanda ya ji ciwo. Amma taya biyu sun yage, safaya kuma ɗaya ce. A but ɗin akwai turare da tsumman goge takalmi, ba ko kwalbar ruwa. Yaya ya hau kan dutse yana ɗaga waya sama, yana zagin masu sabis, yana zagin waɗanda suka yi hanyar. Kowa ya samu rabonsa ban da direba. Auta ta zaunar da Baba a inuwa, tana duban agogo har ta gaji ta daina.

Wajen ƙarfe uku wata farar mota ta taho daga ɓangaren asibitin. Tun daga nesa ta rage gudu, ta raɓe gefe, ta tsaya ko tsakuwa ɗaya ba ta watsa musu ba. Likitan ne. Ya haska idon Baba da ɗan tocila, ya ce an riga an kwashe kayan aiki, sai dai baɗi. Auta ta juya baya don kada a ga hawayenta.

Baba ya juya wajen likitan. Tambaya ya yi, "Wa ya tuƙo ku?"

Direban likitan ya matso ya durƙusa. Baba ya lalubo hannunsa ya riƙe.

"Tun daga kan tudu nake jin yadda kake sauke giya. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Yaya na tsaye taku biyu daga wurin, da jak a hannu.