Huji Biyu a Jikin Jirgin Kamalu

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, kowa a Jega yana zancen sabuwar jiha, shi kuwa Kamaluddeen mai walda yana bayan gidansu yana ƙera jirgin sama. Injin motar nan mai kama da kunkuru ya ɗora masa, jikin kuma kwanon rufi. A yi ta dariya, ko a jikinsa. Ƙarfin gwiwarsa Malam Muntari ne, mutumin Maiyama, wanda ya shekara goma sha biyu yana gyaran jirage a Kaduna kafin ya dawo noman albasa. Shi ya kawo agogo biyu, na gudu da na nisa daga ƙasa. In babu Muntari, jirgin nan akurkin kaji ne, kuma Kamalu ya san haka.

Agogunan sai sun shaƙi iskar waje, wadda farfela ba ta dama ba. Don haka ake huji biyu, dama da hagu, ƙanana, tsinken tsintsiya ma da ƙyar ya shiga. A haɗe su ta ciki da robar ƙarin ruwa, a ɗan ɗaga ta sama don kada ruwa ya gangara, sannan ta wuce agogo. Inda za a huda ne ya kawo musu. Muntari ya ce gaban fiffike, Kamalu ya ce taƙi huɗu bayansa. Don gwaji, kowa ya huda nasa, suka ɗaure jikin jirgin a akori-kura suka miƙi hanyar Aliero. A hujin Muntari allurar agogo ta yi ta rawa, a na Kamalu ta tsaya cak. Muntari ya yi dariya, ya liƙe nasa, ya gyara na Kamalu da hannunsa. Amma Kamalu ya ga kamar dariyar nan iyakarta leɓe.

Kwana uku da haka, Kamalu ya dawo daga kasuwa ya zura siririyar waya a hujin dama, ta ƙi shiga. Na hagu ma haka. Ya ce ko zanzaro ne ya yi gini. Ina! Dalma ce aka narka a ciki, aka bi da magagari har ta yi sumul. Wanda ya tashi sama da huji a toshe, agogo sai ya ce masa yana can sama alhali ƙasa ta zo.

Ya sake hudawa, bai gaya wa kowa ba. Aka sake toshewa. Daga nan fa zuciya ta sami abin saƙawa. Wa ya san wurin? Wa ke da hannun da zai yi aiki mai kyau haka? Wa ke jin haushi in an ce jirgin Kamalu, ba a ce na Muntari ba? Ko ruwa Muntari ya kurɓa, Kamalu na kallonsa ta wutsiyar ido.

Karo na uku da aka toshe, a gaban 'yan kallo ya tare Muntari.

"Malam Muntari, in raina kaka so, ka hito hili. Don na kada ka ga musu za ka kashe ni?"

Muntari ya shafa dalmar da yatsa. "Ni, Kamalu? Ni da munka ci tuwo ƙwarya guda?"

"Wa ya san inda suke in ba kai ba?"

Mutumin nan bai rantse ba, bai yi zagi ba. Ya kwance agogunansa, ya naɗe a hula, ya nufi tashar Maiyama.

Bayan la'asar Kamalu na zaune jugum gindin jirgin sai ga tsohonsa, Baba Alu, wanda duk Jega ta sani da liƙin butoci da bokitai, yana tafe da sanda, fuska a sake.

"Na ji ka kori mugun nan. Madalla! Da idona nig gane shi yana huda ma jirgi. Na yi shiru don kada hankalinka shi tashi. Shi huda, in liƙe, shi huda, in liƙe. Shekara hamsin ina wanga aiki, ban taɓa barin huji ga kwanon ɗan wani ba, balle abin da ɗana za shi hau."

Kamalu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya dubi hannun tsohon, sabuwar ƙuna a babban yatsa, ya ce, "Allah shi ƙara girma, Baba."

Da safe ya hau motar Maiyama. Ya yi sallama ƙofar gidan Muntari har sau uku, ya tsuguna a rana ya faɗi duk abin da ya faru da ƙarfi, don na ciki su ji. Can sai matar gidan, Murjanatu, ta miƙo hula ta bayan zana, agogunan biyu a ciki.

"Ya ce ya yahe. Ya ce ka riƙa zura waya kahin ka tashi, kuma ka riƙe su, ba sai ka maido ba."

Kamalu ya zauna nan har azahar. Muntari bai fito ba.