Sunan Malam a Cikin Manhaja

Najwa, ɗiyar kawun Abdulwahidu, ita ta nuna masa, bayan azahar, a shagon gyaran wayar da take aiki a bakin Zongo. Ta juyo masa da kwamfuta.

Wata uku ke nan da Abdulwahidu ya rubuta manhajar, saboda direbobin motocin shanu masu saukowa daga arewa. Duk wanda ya hangi inda 'yan fashi suka tare hanya sai ya danna, na bayansa su tsaya. Bai sa sunansa ko'ina ba. Ya san mutanen suna da kunnuwa a tasha, kuma tun da aka kama biyu daga cikinsu ake ta cigiyar wanda ya haɗa abin.

Ba sai ta yi masa bayani ba. In ana haɗa manhaja, akwai bayanan da ke maƙalewa a ciki don neman kuskure: lambar kowane layi, da inda fayilolin suke zaune a kwamfutar mai ita. Ana goge su kafin a saki. Shi ya manta. Ita kuwa gwajin wani kayan aiki take yi mai karanta irin waɗannan bayanai, kyauta yake a intanet, kowa na iya ɗauka. Ta rasa abin gwaji, ta jefa masa manhajar.

Ga shi nan a allo, layi bayan layi: gidan-malam-alassani/abdulwahidu/hanya.

A gidansu komai da sunan mahaifinsa, Malam Alassani: buta, tabarma, kujerun da ake ara ranar suna, don su dawo. Ranar da aka kawo kwamfutar ma haka ya yi mata, ko tunani bai yi ba.

Ya ce zai goge ya sake saki. Najwa ta tuna masa direbobi ba saukewa suke yi ba, waya da waya suke tura wa juna a tasha. Tsohuwar ta riga ta yi nisa.

Hanyar gida, duk babur ɗin da ya rage gudu a bayansa sai ya waiga.

Ya samu mahaifinsa a zaure shi kaɗai. Ya durƙusa ya faɗa masa, a taƙaice.

"Sunana ne a ciki ko naka?"

"Duka biyu, Baba. Naka ne a gaba."

Malam ya ce kafin magariba mata su tafi unguwar Cacavéli wajen gwaggo, shi ma Abdulwahidu ya bi su. Sannan ya tambaya ko abin yana yi wa direbobin amfani. Abdulwahidu ya ce yana yi.

"To, kar ka kashe shi."

"Kai fa, Baba?"

"Ni jama'a na jirana sallar la'asar."

Ya miƙa hannu a ba shi buta. Abdulwahidu ya ɗauko, sunan na nan da jan fenti a gefenta.