Maɓallin Bakin Gado

Shitu, ɗan Kano mai raka 'yan kasuwa masana'antu, ya sayi motarsa ne a hannun wani mai ɗinka wandon jins a Xintang, wani gari kusa da Guangzhou. Tsohuwar farar bas ce da aka cire kujerun bayanta aka kafa gado da 'yar kwaba da murhun gas. Idan tafiya ta yi nisa, baƙonsa sai ya kishingiɗa a baya.

Farkon shekarar Olamfik aka yi sanyin da tsofaffin Guangzhou ma suka ce sun jima ba su ga irinsa ba. A cikinsa Alhaji Kallamu ya sauka daga Maraɗi. Dattijo ne mai ciwon gwiwa, kuma shi ya fara nuna wa Shitu ƙofar kasuwar Baima tun Shitu bai iya cewa "laoban", wato maigida, ba. Shitu kuwa Baba yake kiransa.

Motar ba ta ɗumi sai inji na aiki, kuma mai son tayar da shi dole ya tsallaka zuwa kujerar direba. Da Shitu ya ga yadda Alhaji ke jan ƙafa yana nishi, sai ya kai motar wurin wani mai gyaran wayar mota, aka jawo maɓalli har bakin gadon. Mutumin ya gama, ya nuna salansar motar, ya toshe hancinsa, ya nuna sararin sama. Shitu ya gyaɗa kai ya ce ya gane.

"Baba, ga shi. Daga kwance ka danna, ɗumi ya zo maka."

Alhaji ya danna, inji ya tashi, ya yi dariya har da tari. "Kai, yaron nan! Allah ya yi maka albarka."

Wata rana bayan azahar suka isa wata masana'anta ana yayyafi mai ratsa ƙashi. Mai gadi ya tausaya musu, ya ce su shigar da motar ɗakin ajiyar kaya, babu kowa ciki.

"Baba, ka huta. Yanzun nan zan duba ɗinkin in dawo."

A sama ya tarar an ɓata aljihunan wandunan gaba ɗaya. Gardama ta kaure tsakaninsa da mai wurin, wannan na cewa "meiyou wenti", wato babu matsala, shi yana ɗaga wando yana nunawa. Bai san mai gadi ya sauke ƙofar ƙarfen ɗakin ajiyar don kada ruwa ya jiƙa kaya ba. Sai da ya sauko ya ji ƙarar inji a bayan rufaffiyar ƙofa.

Shi da mai gadin suka ɗaga ta, hayaƙi ya buge su. Alhaji na kwance cikin bargo, carbi a hannunsa, ana jijjiga shi ba ya motsi.

Ya rayu. Amma da ya farfaɗo a asibiti maganarsa ta yi nauyi, hannunsa na rawa, yakan fara zance ya manta ƙarshensa. Shitu ya durƙusa gaban gadon yana neman gafara.

"Ni na danna," in ji Alhaji a hankali. "Tashi, ɗana."

Babban ɗan Alhaji, Mahamadou, ya zo ya tafi da shi gida. Shitu ya sa aka tsinke wayar maɓallin, amma bai ƙara iya kwana a motar ba. Da wasannin Olamfik suka matso aka tsananta sabunta biza, tasa ta ƙare, ya sayar da motar a wulaƙance ya koma Kano.

Daga Kano zuwa Maraɗi ba wata tafiya ba ce. Kullum yana cewa mako mai zuwa. Sau ɗaya ya kai har Jibiya da ledar turare da zuma, ya zauna a tasha yana tuna rawar hannun nan, sai ya hau motar komawa. Idan lambar Nijar ta kira shi, yakan zuba wa wayar ido har ta katse.

Da damina ta zagayo aka aiko masa Alhaji ya rasu. Wannan karon ya tsallaka iyaka. Bayan addu'a Mahamadou ya kama hannunsa ya kai shi wani ɗaki a zaure, shimfiɗe da sabuwar tabarma.

"Tun dawowarmu Alhaji ya sa aka gyara maka nan. Ya ce kana tafe, kada a ba kowa."

Shitu ya cire takalmi ya shiga ya zauna. Bai fito ba har aka kira la'asar.