Takabar Aro

Shin ƙarya Zalika ta yi a ranar, ko kuwa gaskiyar da ba ta riga ta sani ba ce ta faɗa? Na daɗe ina juya wannan tambaya, ban sami amsarta ba.

Lahadi ce, ranar kasuwar Tawa. Zalika ta sauka daga motar Barmu ita kaɗai. Mijinta Ma'azu ya tafi Abijan neman aiki tun kafin Faransawa su miƙa mulki, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. An gaya mata wani Hamisu ya dawo daga can, yana gidan uwarsa a tsohuwar unguwa, kuma da la'asar zai hau mota ya koma. Shi kaɗai zai iya cewa Ma'azu yana raye ko ya mutu.

A bakin tasha ta tambayi wata tsohuwa mai fura, Inna Azumi, hanyar gidan.

"Ke ɗai, ɗiyata? Ba miji, ba ƙane?" Tsohuwar ta kaɗa kai. "Lungunan nan cike suke da 'yan ci-rani, sun dawo da agogo da rashin kunya. Mace ita ɗai, ba su tambaya ko ta wa ce."

Ta janyo wani guntun kara daga ƙarƙashin tabarma, an ɗaura masa farin zare.

"Sandar takabata ce, watan jiya na fita. Cire 'yan kunnenki, ki yafa tsohon zanen nan, ki riƙe ta. Ba namijin da ke tare matar mamaci. Tsoro suke ji."

Zalika ta ja da baya. "Inna, mijina bai mutu ba. In yi mishi takaba da ransa? Ai jawo mishi mutuwa ke nan."

"To, Allah shi tsare," in ji tsohuwar, ta ci gaba da damunta.

Lungun farko Zalika ta wuce lafiya. A na biyu katangu suka matso har kafaɗa tana gogar bango. Samari suna zaune a kan dakali, sun kewaye rediyo. Ɗaya ya miƙe ƙafa ya tare hanya.

"Baƙuwa, gidan magajiya kike biɗa? Ba nan ne ba, amma mu ma muna da inuwa."

Sauran suka yi dariya. Ta ce ita matar aure ce. Suka ce to ina shi. Wani ya kama gefen mayafinta, a hankali, kamar mai taya kaya a kasuwa. Wani dattijo da ke ɗinkin hula a zaurensa ya ɗago kai, ya duba, ya mayar da ido kan allurarsa. Ta bar musu mayafin ta juya da gudu.

Da ta iso tasha, inuwa ta fara tsawo. Yaran motar kudu, wadda Hamisu zai hau, suna ɗaure kaya a sama. Inna Azumi ta turo karan da tsohon zanen gabanta. Zalika ta tsaya tana haki, sannan ta kai hannu ta cire 'yan kunnenta ɗaya bayan ɗaya.

Ta koma ta lungun nan dai, da tsohon zane a kanta, da kara a hannu. Wanda ya tare ta ya janye ƙafarsa tun daga nesa. Aka rage muryar rediyo. Babu wanda ya dubi fuskarta, saboda haka babu wanda ya gane ta. Mayafinta yana nan a kan dakali, wani ya zauna a kansa.

Dattijon mai hula ya ajiye allura, ya ɗaga tafin hannuwansa.

"Allah shi jiƙan mai gidanki, baiwar Allah. Allah shi sa ya huta."

Ƙofar gidan su Hamisu tana can gaba kaɗan, a buɗe. Zalika ta ɗan tsaya.

"Amin," ta ce, ta wuce.