Kaset Ɗin Zarami

Ayuba mai gyaran rediyo yana da kunne, wannan kowa a layin 'yan kifi na kasuwar Haɗejiya ya sani. Ba ya jin Turancin baƙaƙen fatar Amurka, amma in ya saurari waƙar nan tasu ta surutu a kan kiɗa sau biyu, sai ya maimaita maka ita tas, har da inda mawaƙin ya ja numfashi. Raf suke ce mata. Shi ke ba samari labarin asalinta: wai matasan wata unguwar talakawa ce a birnin Niyok, da ba su da halin sayen kayan kiɗa, suka riƙa tsintar gutsuren kiɗa daga fayafayan iyayensu suna zuba magana a kai. Dattawan layin kuwa cewa suke gambara ce ta tafi ƙasar Turawa ta dawo da burgujejen wando. Ko ma dai mece ce, a 1992 samarin garin da yawa sun yi askin nan mai shafaffen sama, kuma rikodar Ayuba mai baki biyu ce ke kwafar musu kaset.

Bazarar shekarar ba ta yi masa daɗi ba. Shi Kirista ne ɗan kudancin Kaduna, shekararsa shida a garin, kuma sati biyu ke nan da rikici ya ɓarke can wajensu ya bazu har cikin birane. A Haɗejiya ba wanda ya ɗaga masa murya. Sai dai in ya iso majalisa ana sauraron labarai, hira takan mutu. Matarsa Jumai, mai cikin wata bakwai, tuni ta ƙulle kayansu a zani ta tura ƙarƙashin gado.

Ranar kasuwa da hantsi wata tsohuwa ta durƙusa a bakin shagonsa tana warin hayaƙi. Sunanta 'Yar'azumi, bandar kifi take kawowa daga wani ƙauye kusa da Kirikasamma. Ta kwance wani jan ƙyalle, ƙulli uku, ta fito da kaset.

"Ɗan nan, an ce kana haifar wa kaset ɗan'uwa."

"Ina yi, Baba."

"To wannan ɗana ne, Zarami. Ya tafi kamun kifi tafkin Cadi. Da ni da shi ba mai rubutu, sai ya aiko da bakinsa. Wata biyu bayan nan iska ta kife musu jirgi, ko gawa ba mu gani ba. Yanzu muryar ta fara rawa, ina tsoron ta tsinke. In na sayar da kifina bayan la'asar zan dawo."

Da ta tafi, Ayuba ya sa kaset ɗin a bakin dama na rikodar, wanda ake ɗauka da shi, don na hagu yakan tauna zare in ya tsufa, yana so ya fara jin lafiyarsa. Wata murya mai kauri ta yi bisimilla, ta karanta Fatiha da wata gajerar sura, sannan ta yi gyaran murya. "Inna, ni ne Zarami. Kifi akwai, amma sauro ya fi shi yawa." Ya hana ta sayar da jar akuya, ya gai da mutane ɗaya bayan ɗaya, ya yi dariya sau biyu. Duka bai wuce minti goma sha biyar ba, sauran zaren babu komai. Ayuba ya tariyo shi zuwa farko, ya miƙa hannu zai ɗauko sabon kaset.

Nan fa Shu'ibu mai aski ya faɗo shagon ko sallama babu, yana kaɗa wani kaset a sama. "Sabo fil daga Legas! Wani direba ya ara mini, da azahar zai juya. Kwafe mini yanzu, don Allah!" Ayuba dai in ya ji sabuwar raf hankalinsa ba ya zama a jikinsa. Ya jefa shi a bakin hagu, ya danna jan maɓallin ɗauka. Ganga ta fara dukan ƙirji, wani ƙato ya shiga zuba magana ba waƙafi. Suka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru, har aka leƙo aka ce wa Shu'ibu mutum na jiransa da rabin kai a aske. Ya ruga. Ayuba ya ci gaba da bin mawaƙin da leɓe har gefen ya ƙare, rikoda ta yi ƙas.

Sai idonsa ya sauka kan tebur. Ga sabon kaset can a ledarsa, ko ɓarewa ba a yi ba.

Ya buɗe bakin dama. Na 'Yar'azumi ne. Ɗan kunnen nan da ake ɓallewa a bayan kaset don kada a yi ɗauka a kansa yana nan daram, wa zai gaya wa masunci ya ɓalle shi? Ya tariyo ya kunna: ganga. Ya tura gaba: ganga. Ya juya ɗaya gefen, sai shuuu. Zarami ya tafi, da shi da Fatiharsa.

Tsoro ya kama Ayuba irin wanda bai taɓa ji ba. Ya san yadda maganar za ta fita: Kiristan nan ya goge karatu ya ɗora kiɗa a kai. Kafin ta kai tasha ta zama da gangan ya yi, kafin ta kai bakin kogi ta zama yana yi yana dariya. A sati irin wannan ba mai tsayawa jin bayanin bakin hagu da na dama. Ya tuna Jumai, wadda ko sauri ba ta iya yi. Ya zura biro cikin kaset ɗin da nufin ya zaro zaren ya cukuikuye, ya ce inji ne ya cinye. Ya kasa. Ya yi tunanin rufe shago su bi motar Kano, ya ga gudun ne ma zai tabbatar da laifin. Haka ya zauna, duk wanda ya gifta sai ya ga kamar shi yake kallo. Yana nan har aka kira la'asar.

Ta dawo, kuma ba ita kaɗai ba. Ƙanenta Bunu, wani dogon masunci mai faɗin kafaɗa, ya tsaya a rumfar da ke kallon shagon yana taya zaren komar kamun kifi. Taku biyar ne tsakaninsu.

"Baba," in ji Ayuba, muryarsa can ƙasa, "na yi ɓarna. Na goge shi. Kuskure ne, Allah ya sani."

Ta dube shi kamar ba Hausa ya yi ba. "Kunna."

Ya rage sauti ya kunna. Ta kara kunne jikin rikodar, ta daɗe tana jira ko ɗanta zai fito ta bayan gangar.

"Wannan me yake cewa?"

"Ban sani ba, Baba."

"Yaya, an gama?" Bunu ya ɗago murya daga can.

Ayuba ya dubi tsohuwar. Ya san kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta hallaka shi.

"Da saura," ta ce ba ta waiwaya ba. "Je ka kama mana wuri a mota."

Sai da Bunu ya ɓace cikin mutane ta zauna a ƙasa. "Ka saurare shi kafin ka goge?"

"Sau ɗaya."

"Faɗa mini abin da ka ji."

Ayuba ya rufe ido. Karatun dai bai taɓa shi ba, ya tsallake. Ya yi gyaran murya daidai inda Zarami ya yi, ya saukar da muryarsa, ya fara: kifi da sauro, jar akuya, sunayen mutanen ƙauye a jere, dariyar nan guda biyu kowace a gurbinta. Kunnen da ya yi shekaru yana kwashe surutun mutanen Amurka bai zubar da kalma ɗaya ba. Tsohuwa na ji, hawaye na bin fuskarta.

"Duk haka ya ce," in ji ta. "Ba ka rage komai ba. Amma ba haka yake kiran Inna ba."

"Yaya yake kira, Baba? Faɗa mini in gwada."

Ta buɗe baki, ta rufe. Ta karɓi kaset ɗin ta naɗe shi a jan ƙyallen, ƙulli uku, yadda ta kawo shi.

"Tun ɗazu nake nema, ɗan nan," ta ce. "Na kasa tunowa."